Shaida ta Uku

Masarar Alhaji Labo da sallama ta shigo gidan Rahama, kamar kowane baƙo mai mutunci. Bayan kaka ne wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan a Funtuwa, 'yan dako suka shiga jibge buhuna a zaure, mijinta Ubaidu yana tsaye ya karkata hula yana nuna musu lungu kamar shi ya noma ta. Alhali daga Bakori har Funtuwa kowa ya san Ubaidu ko kuɓewa bai taɓa shukawa ta fito ba. Sana'arsa dillancin hatsi, wato ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ya yi ta rantsuwa har ɗayansu ya gaji ya ba shi la'ada.

"Malam, wanga kaya hwa?" Rahama ta tambaya daga bakin murhu inda take suyar awara. Shekararta tara da aure a Nijeriya, amma harshen Maraɗi ya ƙi barin bakinta.

"Na Yaya Alhaji ne. Sitonsa na Bakori ya cika. Sati biyu kacal, kafin ya samu wuri."

Ta ci gaba da suyarta. Zaure ai ba wani abu ba ne, kuma wan miji suruki ne, ba a ja da shi. Gidan dai nata ne, wannan ko ɗan acaɓa ya sani, don da shi ake kwatance: ka wuce injin niƙa, ka sha kwana, gidan 'Yar Maraɗi mai awara. Gadon garkar ubanta ta sayar a can ƙasarsu ta zo ta saye shi, ɗaki huɗu da zaure da rijiya, don ta gaji da zaman haya da masu gida masu leƙa tukunya.

Sati biyun Ubaidu irin na tela ne. Wata biyu suka wuce, maimakon masara ta fita sai ta aika wa 'yan'uwanta. Mota ta biyu ta cinye ɗakin da Rahama ke jiƙa waken suya. Da ta yi magana, Ubaidu ya dube ta da tausayi irin wanda ake yi wa mai ƙaramin sani.

"Ke ba ki san albarka ba ne. Gidan da hatsi ya kwana, tsiya ba ta kwana a cikinsa. Wasu roƙo suke yi a ajiye musu."

Albarkar ta zo da ɓeraye, ƙosassu, waɗanda ba sa gudun mutum sai dai su matsa masa ya wuce. Don maganinsu da na ƙwari, yaran Alhaji suka cusa wata ƙwaya a tsakanin buhuna suka toshe tagogi da tsumma. Warin ya bi bango ya shiga ko'ina, har cikin zannuwanta na akwati. Rahama ta fara wani tari mai ƙarfe-ƙarfe. Matan unguwa da ke aiko da kwano tun hantsi suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, wai awarar tana ɗanɗanon asibiti. Wadda ke soya tiya uku a rana ta koma ɗaya, ita ma sai ta yi kwantai. Ubaidu ya ce tarin na canjin iska ne, ya sayo mata alewar sanyi guda biyu, ya sha ɗaya a hanya.

Kafin bazara ta kankama ɗaki na biyu ya bi, na uku ma ya tafi. Aka tattaro gadonta da kwanukanta da keken ɗinkin da ta daina taɓawa aka cusa a ɗaki ɗaya, ta zama in za ta yi salla sai ta ɗage tabarmar cin abinci. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Ubaidu bai ji nauyin ɗaukar wannan ya mayar da shi hujja ba. "Mu biyu rak, me za mu yi da ɗaki huɗu? Almubazzaranci ne, malamai sun hana."

Sabuwa ce ta fara faɗa mata abin da kowa ke gani yana haɗiyewa. Bamagujiya ce daga wani ƙauye bayan Malumfashi, ita ke kawo mata waken suya, mace mai murya kamar ana kiran shanu. Ta sauke kayanta ta bi ta tsakanin buhuna a karkace, ta tsaya a tsakar gida tana kallon sama da ƙasa.

"Ke, 'Yar Maraɗi, gida kika saya ko gadin sito aka ɗauke ki? Mu da kuke cewa ba mu da alƙibla, rumbuna mijina bai isa ya leƙa ba sai na ce leƙa. Ina takardar gidan?"

"Tana ga maigida, cikin akwati. Ni da kaina na dangwala yatsa gaban mai unguwa."

"An karanta miki?"

"Mi za a karanta mini? Ina wurin anka rubuta."

Sabuwa ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Akuya ma in aka kama ƙafarta tana dangwalawa."

Maganar ta tsaya wa Rahama a rai, amma ta kore ta. Mutumin da take wanke wa kaya tana tsince masa tsakuwa a shinkafa shekara tara, ba za ta zauna tana zarginsa a kan maganar mai wake ba. Tana sonsa, wannan ita ce gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa, don Ubaidu mutum ne mai sa dariya, in yana ba da labarin yadda ya yi wa wani Bayarabe wayo a kasuwa sai ta manta tuwo yana kan wuta.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ranar wata Laraba da la'asar sai ga Ubaidu a cikin wata tsohuwar mota ja, yara huɗu suna tura ta daga baya, shi yana ciki yana danna ham. Ya fito yana karkaɗa makulli a yatsa, ya shigo ya zauna a kan turmi.

"Ki yi mini barka. Allah ya kashe ya ba mu. Gona kadada biyu a Bakori, ga mota."

"Daga ina?"

"Yaya Alhaji. Mun yi musaya."

"Da mi?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi rijiya, ya dubi buhunan da ke leƙowa ta ƙofar zaure. A nan ta gane. Ludayin da ke hannunta ya faɗa cikin mai.

"Ka saida gidana?"

"A'uzu billahi. Wa ya ce sayarwa? Ni zan sayar da gida a wannan zamani? Musaya ce, tsakanin wa da ƙane, abu bai fita daga dangi ba. Ke kuma an gyara miki ɗaki a gidanmu na ƙauye, bayan na Inna. Iska mai kyau, tarin nan ma sai ya bar ki."

"Malam, gidana na ce."

"To ai ni da ke duk ɗaya ne. Ba ke kike faɗar haka ba?"

Kashegari Alhaji Labo ya zo duba hajarsa. Mutum ne mai ƙiba da carbi mai dubu, wanda ba ya fara zalunci sai ya yi bisimilla. Rahama ta ajiye kunyar surukuta a gefe, ta yafa mayafi ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta gaishe shi, sannan ta faɗi abin da ke bakinta. Bai dube ta ba, buhu yake latsawa da yatsa.

"Malama Rahama, ni taimako na yi. Ƙanena ya kai shekara arba'in ba shi da ko taki ɗaya na gona, mutane suna zagina. Ke kuma, ba gori ba, baƙo raɓa ne. Ba ɗa ba jika, yau in ta Allah ta kasance sai mu zuba ido mutanen Faranshi, danginki na Maraɗi, su tsallako su gaji ƙasar Katsina? Ai ko gwamnati ba za ta yarda ba."

"Ranar da na kawo kuɗɗin garkar ubana, Yaya Alhaji, ba ku ce na Faranshi ba ne."

"Kuɗi ba su da ƙabila," in ji shi, ya ja carbi. "Ki yi haƙuri, shi ne adon mace. Na ba ku har bayan sati biyu."

Sati biyun Alhaji ba irin na ƙanensa ba ne, wannan ta sani. Don haka ta kai ƙara wurin mai unguwa, Malam Sadiq, wanda shi da hannunsa ya rubuta takardar cinikin shekara shida da suka wuce. Aka taru a rumfar ƙofar gidansa da hantsi: Ubaidu da takarda a leda, Alhaji Labo a kan kujerar roba da aka ɗauko masa musamman, tsoho Maiwada wanda ya sayar da gidan, da 'yan kallo waɗanda ba a gayyata ba amma ba su taɓa makara ba. Rahama ta zauna a gefen tabarma ita kaɗai.

Mai unguwa ya sa tabarau ya karanta. Ni Maiwada na sayar wa Malam Ubaidullahi. Rahama ta jira ta ji sunanta, ta yi ta jira, sai can ƙasa ya fito, bayan na liman da na wani mai faci: shaida ta uku, Rahama matar mai saye.

"Ranka ya daɗe, shaida kuma? Ni ce na saya."

Malam Sadiq ya sauke tabarau. "Yarinya, ni ba na zalunci, kuma ban manta ranar ba. Kuna zaune a nan wurin, na ɗaga alƙalami na ce, to wane ne mai gidan? Ke da bakinki kika sunkuyar da kai kika nuna shi kika ce, ga maigidan nan. Ko ba a yi haka ba?"

An yi haka. Ta tuna sarai. Ita a ranar ta ɗauka dattijo yana tambayar wane ne mijinta a cikin mazan da ke zaune, kuma macen kirki ba ta kama sunan miji a gaban mutane, sai ta nuna shi da kalmar da uwarta da kakarta ke nuna nasu. Shi kuwa mai unguwa mamallaki yake tambaya. Ubaidu yana wurin, ya ji tambayar ya ji amsar, ya san inda suka saɓa, ya gyara zama ya yi shiru. Shirun nan shi ne aiki mafi riba da ya taɓa yi a rayuwarsa ta dillanci.

"Mijina nike nufi," ta ce. "Mijina, ba mai gidan ba."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce ai Hausar Faranshi sai da tafinta.

Ta juya ga mai sayarwa. "Baba Maiwada, kai ka ga daga ɗankwalin wa kuɗɗin sunka hito."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. A gonar Alhaji Labo ɗansa ke tuƙa tarakta. "'Yata, ni ido ya yi rauni. Hannun da ya miƙo mini dai na namiji ne." Wannan ma gaskiya ce, don ita ta damƙa wa Ubaidu a bayan rumfa ya miƙa, wai kada a ce ta yi rashin ta-ido. Duk abin da aka koya mata na ladabi, ranar nan aka jera shi ɗaya bayan ɗaya aka yanke ta da shi.

Mai unguwa ya ce in tana so ta tafi kotu, hanya a buɗe take, sai dai ta sani yatsanta na kan takarda yana ba da shaida a kanta. Ya ƙara da nasiha a kan biyayyar aure, wadda ya saba yi ko a rikicin akuya. Sannan don ya rufe taro ya ƙarasa karanta sauran layukan da sauri: kango ne mai ɗaki huɗu da zaure da rijiya, ba rufi, ba ƙyaure, ba taga.

Rahama ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, a maimaita mini wurin nan."

Ya maimaita, yana ƙosawa.

"To abin da babu cikin takarda hwa?"

"Abin da ke takarda shi ne na mai takarda, ba ƙari ba ragi. Haka muka gada."

"Jama'a kun ji?" in ji Rahama.

Jama'a suka ce sun ji, suna miƙewa suna kakkaɓe riguna. Alhaji Labo ya yi addu'ar tashi daga majalisa da murya mai daɗi.

Kwanon rufin gidan da ribar awara aka saye shi, bandir bayan bandir, shekara biyu tana tarawa. Kamalu kafinta ne ya raka ta shago ya zaɓa, shi ya buga, kuma rasiɗan suna ƙasan akwatinta da sunanta, don mai shagon ba Bahaushe ba ne, da ya tashi tambaya cewa ya yi, Madam, yaya sunanka. Ranar kasuwar Bakori, bayan Ubaidu ya samu masu tura masa mota ya tafi, Kamalu ya iso da mutum biyar da tsani biyu.

"Hajiya, kin tabbata? Damina ce fa."

"Kai ka buga shi?"

"Ni na buga."

"To cire."

Kafin azahar gidan ya koma yadda takarda ta siffanta shi. Suka sauke kwano, suka zare katako, suka cire ƙyamaren ƙarfe da tagogi, aka jera a bayan motar haya tare da gado da keke da kaskon suya. Ɗaruruwan buhunan masara suka bayyana a fili suna kallon sama, ɓeraye suna ta neman inda za su sa kansu. Unguwa ta fito kaf. Matan da suka daina sayen awara suka leƙo ta katanga suna guɗa ƙasa-ƙasa.

Labari ya riga ya kai Bakori. Alhaji Labo ya iso a bayan acaɓa, babbar riga na tashi, Ubaidu a bayan wani, don motar ta mutu a hanya. Alhaji bai ko dubi Rahama ba, gabas ya duba, inda hadari ya fara haɗa baki. Aka kira mai unguwa a guje.

"Malam Sadiq, ka ga ɓarnar da matar nan ta yi mini a gida?"

Mai unguwa ya dubi kangon, ya dubi rasiɗan da Rahama ta miƙa masa, ya dubi jama'ar da suka ji shi da kunnensu a rumfa. Ya yi tari. Ya ce shi dai a ganinsa a nemo tamfol tukuna, shari'a ba ta gudu.

Ubaidu ya matso kusa da ita, ya sassauta murya irin ta ciniki. "Haba Rahama. Don Allah dubi abin da kika jawo mini a gaban Yaya. Ki sa su mayar, ni kuma na yi miki alkawarin ɗakin ƙauyen nan zan sa a yi masa siminti." Da ya ga ba ta motsa ba sai ya ɗaga murya don 'yan kallo su san akwai namiji a wurin. "In kika hau motar nan, a bakin aurenki."

"To rubuta," ta ce. "Amma a karanta mini sau biyu kahin in karɓa."

Har yau in aka zauna hira a unguwar ana ba da labarin nan ana tuntsira dariya, yadda Alhaji Labo ya tuɓe babbar riga ya rufa wa buhu, yadda aka yi ta are tabarmin masallaci. Ana ba da shi kamar labarin nasara, don mutane suna son su ji an rama, musamman in ba su ne za su tsaya a yi ramuwar da su ba. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne buhu goma sha ne kawai suka jiƙe, Alhaji ya sake rufi cikin kwana huɗu, masara ta yi tsada a watan nan ya mayar da asararsa har da riba. Gidan nasa ne, da takarda da shaidu uku. Mai unguwa yana nan yana rubuta wa mutane ciniki da tambayarsa mai baki biyu. Kuma duk cikin masu dariyar nan babu ko ɗaya da ya buɗe baki a rumfa ranar da ake buƙatar mutum ɗaya ya ce, ni na san kuɗin na wace ce.

Rahama ta hau gaban mota ta ja ƙofa. Garkar Maraɗi ta daɗe da zama ta wani, iyaye sun rasu, 'yan'uwa kowa ya ci rabonsa ya shafa. Iska ta taso, kwanon da ke baya ya fara ƙara. Direban ya tada mota, ya dube ta.

"Hajiya, ina za a sauke kayan?"

Ta buɗe baki, sai ta ga duk kwanakin nan da ta yi tana shirin yadda za a cire rufi, ba ta taɓa tunanin a kan me za a ɗora shi ba. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi.

"Ja dai mu bar ƙohwar nan tukuna," ta ce.